Gungumen Inna Hulda a Injin Gayus

Shekara shida shagona na ɗinki yana jingine da na Gayus a Tanut, bango ɗaya ya raba mu, waya ɗaya ke kawo mana kuran, wato wutar lantarki. Saboda haka duk wanda ya ce muku ya fi ni sanin abin da ya sami gungumen Inna Hulda, ku bar shi da surutunsa.

Gayus mai awo ne tun asali. Shekara ashirin ya yi yana auna gero a kasuwar Gangara, kuma a faɗi gaskiya, ba a taɓa kama shi da tauye tiya ba. Ciwonsa akasin haka ne. In ya cika tiya ta yi tozo, sai ya ƙara hannu guda na gyara, in mai saye ta yi masa murmushi ya ƙara na biyu. Masu hatsi suka gaji da wannan alheri da ake yi da dukiyarsu, suka daina buɗe masa buhunansu. Shi kuwa har gobe cewa yake da kansa ya bar awo, don ya ga basirarsa ta fi ƙarfin tiya. Ya dawo Tanut ya kama kafinta, ya taho da gyaransa. Ka ce ya yi maka ƙofa kamu huɗu, sai ya ƙara yatsa biyu don kada a ce ya yi rowa, ƙofa ta ƙi shiga, a kama sassaƙar bango. Akwai benci uku a majami'armu da ƙafa ɗaya ta fi sauran tsawo, raƙuman Gayus muke ce musu, kuma ba a zaunar da mai ciki a kansu.

Ana haka wani furoje, shirin taimako na koyar da sana'a, ya kawo injin sassaƙa garinmu. Furoje ya ƙare, saurayin da aka koya wa aikin ya tafi haƙar zinariya arewa, aka rasa inda za a ajiye inji. Shagon Gayus ne mai faɗi, ga kuran, sai aka kai shi can, aka tura Gayus Damagaram horo na kwana uku. Ranar farko ya koyi kunnawa. Rana ta biyu ya koyi rubuta suna a kan katako shimfiɗaɗɗe. Rana ta uku, wadda aka koyar da sassaƙar icce mai juyawa, ya tafi kai rigarsa guga, domin an ce da la'asar za a ɗauki hoto a raba diflom, takardar shaidar gama horo.

Injin nan teburi ne babba, da haƙorin ƙarfe mai juyawa wanda ordinata, wato kwamfuta, ke tuƙawa. Makaho ne, bai san inda icce yake ba sai an nuna masa. A kan saukar da haƙorin a hankali har ya taɓa inda ake so, a danna maɓalli a ce masa nan ne sifiri, daga nan zai riƙa ƙirga zurfin duk abin da zai yanka. A katako shimfiɗaɗɗe samansa ake taɓawa. Amma a gefen teburin akwai wasu ƙarafa biyu da ke kama gungume ta kai da gindi suna juya shi kamar ragon gashi, kuma a nan dokar dabam ce. Mushe Husaini, malamin da ya koyar da su, ya rubuta ta da manyan baƙaƙe ya liƙa a jikin injin tun lokacin furoje. Ba wanda ya taɓa karanta ta, domin daidai kanta Gayus ya ga ya fi kyau ya rataye diflom ɗinsa.

To, sai Inna Hulda. Matar marigayi Malam Barnaba ce, mai bisharar da ya fara tara masu bi a unguwarmu, su bakwai, ƙarƙashin wata aduwa, tun babu ko bukka. Damina uku kafin wannan magana iska ta kayar da aduwar. A nan ƙasarmu ta Damergu icce ba ya daɗewa a ƙasa, kafin hantsi mata sun yi gaba da rassa. Inna Hulda, da shekarunta tamanin, ta je ta zauna a kan gindin, ta ƙi tashi har aka kawo amalanke. A cikin ɗakinta ta ajiye shi, gefen gadonta, shekara uku tana goge masa ƙura. Burinta ɗaya ne, a yi mumbari mai ƙafa ɗaya da shi, a sassaƙa zangarniyoyin gero kewaye da jikinsa, a ɗora babban Littafi Mai Tsarki a kai ranar godiyar kaka, wadda ta zo daidai da cikar ikilisiyar shekara hamsin.

Ta riga ta yi magana da Almustafa, wani tsohon masassaƙi daga cikin maƙeran Abzinawa, wanda ke zuwa daga wajen Belbeji da sandunan tanti da ludayin icce. Ya ƙwanƙwasa gungumen, ya ce aikin wata biyu ne. Dattawanmu kuwa, Allah ya ƙara musu lafiya, suka yi wata huɗu suna taro a kan ko ya halatta a ba shi, tunda shi ba mai bi ba ne, har ya rage kwana tara.

A taron ƙarshe ne Gayus ya miƙe. Ya ce shi wata biyu ma bai san me ake nufi da shi ba. Ya ce injinsa zai gama kafin shayi na uku ya nuna, zai fitar da zangarniya ƙwaya ƙwaya, har sai an sa mai korar tsuntsaye a ƙofar majami'a. Ya ce a Damagaram da Mushe ya ga hannunsa, sai da ya tambaye shi ko a Turai aka haife shi. Fasto Biliyaminu mutum ne da in dai abu yana da maɓalli to ya riga ya gamsu, tun kafin Gayus ya zauna yake gyaɗa kai.

Inna Hulda ta bari kowa ya gama, sannan ta ce, “Gayus, icce ɗaya ne. In ya ɓaci babu na biyu.”

“Inna, ki kwantar da hankalinki. Ordinata ba ta kuskure.”

“Ba ita nake tsoro ba,” in ji ta.

Aka tsaya a kan zai gwada da wani icce tukuna, a gani.

Ranar Litinin Mushe Husaini ya turo masa zanen zangarniya ta waya. Gayus ya ɗaura wani guntun darbejiya, ya gayyaci Fasto da dattawa, ya saukar da haƙori ya taɓa saman iccen, ya ce nan ne sifiri. Ya danna. Inji ya yi kuka, haƙori ya tashi sama taƙi guda, ya kama aiki a cikin iska. Ya yi dama, ya yi hagu, ya sauka kaɗan ya hau kaɗan, da natsuwa irin ta gwani, icce kuwa yana ta juyi a ƙasa ko ƙwarzane babu. Minti arba'in dattawan ikilisiya suna tsaye, hannu a baya, suna kallon ana sassaƙa babu. Da ɗaya daga cikinsu ya tambaya ko an fara, Gayus ya ce injin yana nazarin iccen ne, inji mai ilimi ba ya faɗa wa abu da ka. Fasto ya ce lalle akwai wa'azi a cikin wannan. Ni dai abin da na samu iska ce mai daɗi, don tun da aka shiga zafin kaka ban sha irinta ba.

Bayan sun watse na ji shi ta bango yana waya. Mushe ya yi masa bayani a hankali, ya ce zanen daga tsakiyar juyi yake ƙirgawa, daidai tsinin ƙarfen da ke riƙe da icce, can ne sifiri, ba sama ba.

“Mushe,” in ji Gayus, “shekara ashirin ina awo, ban taɓa ganin wanda ya fara auna hatsi daga tsakiyar tiya ba. Juya mini zanen ya ƙirga daga sama, yadda mutane ke yi.”

Suka yi ta ja har Mushe ya gaji ya juya masa. Amma ya ja masa kunne, ya ce awo daga sama sau ɗaya yake aiki. In kuran ya ɗauke ko aka sake haƙori, inji zai manta sifiri, saman da aka taɓa da farko kuma an riga an cinye shi. Gayus ya ce kada ya damu, kuran ɗin unguwarmu ya san shi. Ni da nake ɗinka riga ɗaya a zama huɗu saboda wannan kuran, na kusa soke yatsana.

Ranar Talata matarsa Imani ta tafi taron zumuntar mata, ta bar gero jiƙe. Gayus ya shiga gida ya ɗauko taɓaryarta, ta kirya, wadda uwarta ta ba ta. Ya ce zai yi mata ado ta dawo ta ga abin mamaki. Kuran ya ɗauke sau biyu. Imani ta dawo ta tarar da abin mamaki, domin taɓarya ta koma muciya. Ta tsaya a ƙofar shago da ita a hannu, ta tambaye shi da wanne kai za ta daka. Ya ce iccen ne ruɓaɓɓe daga ciki, injin ya cire mata ɓarna ya bar mata mai kyau, ya kamata ta gode. Ta ce ta gode, kuma tun da muciya aka ba ta, sai ya kawo garin da za ta tuƙa. Kwana biyu ni nake raba furata da shi. Kafin azahar ta wannan rana babu taɓarya ɗaya a tsakar gida a duk unguwar, kowace mace ta kai tata ƙarƙashin gado, har turame wasu suka rufe da tabarma.

Ranar Alhamis kuma Allah ya nufi Inna Hulda da jarrabawa, kuran ya zauna awa biyu cur bai ko ƙifta ba. Gayus ya mayar da guntun darbejiyar nan, inji ya bi shi daga kai zuwa gindi ba tsayawa. Ba zan ci haƙƙinsa ba, abin ya yi kyau. Zangarniya ta fito ƙwaya ƙwaya kamar yadda ya faɗa, ni kaina sai da na shafa. Ya saɓa shi a kafaɗa ya zaga gari, ya bi ta tasha, ya bi ta mahauta, inda ba a tambaye shi ba ma ya tsaya ya ba da amsa. Da ya kai wa Inna Hulda, ta juya shi a hannu ta daɗe tana kallo, idonta ya kawo ruwa. Ta ce a zo a ɗauki gungumen.

Mutum huɗu suka ɗauko shi ranar Asabar da hantsi, jajiberin biki. Gayus ya sa rigar hoton diflom. Ya sa an shimfiɗa tabarmi a ƙofar shago, ya kafa wa Inna Hulda kujera a gaba. Dattawa suka zo, matan zumunta suka zo, masu wucewa suka tsaya, har wasu makiyaya suka ɗaure jakunansu suka leƙo. Almustafa ma ya zo, ya tsuguna a gefe da rawaninsa, ya ce yana so ya ga abin da zai ci aikin wata biyu kafin shayi ya nuna.

Gayus ya yagi takarda ya ɗora a saman gungumen, ya riƙa saukar da haƙori yana jan takardar har ta cije. Nan ya kamata ya tsaya. Sai ya ƙara danna maɓallin ƙasa sau uku, sannan ya ce nan ne sifiri. Almustafa ya tambaye shi waɗannan ukun na mene ne.

“Gyara ne, Baba. Ni ba na aiki da rowa.”

Inji ya kama. Gungume yana juyi, gari yana tashi, ƙanshin aduwa ya cika wurin. Matan zumunta suka ɗauki waƙa. An ci kashi ɗaya cikin uku ke nan kuran ya ɗauke, waƙa ta mutu a tsakiyar baiti. Gayus ya cika shirun da labarin yadda aka roƙe shi ya zauna Damagaram ya koyar ya ƙi, saboda kishin Damergu. Bayan rabin awa wuta ta dawo. Ya mayar da haƙori can wajen kai inda aka fara, ya ɗora takardarsa a kan wurin da inji ya riga ya fere, ya sauka har ta cije, ya ƙara ukunsa.

Almustafa bai iya karatun boko ba, bai taɓa taɓa ordinata ba, amma ya miƙe tsaye.

“Malam Gayus, inda ka taɓa ɗazu yana nan cikin garin da ke ƙasa. Wannan wani wuri ne. In ka fara daga nan zai sake cin abin da ya ci. Mu in za mu fere sanda, tsakiya muke sa wa alama a kai da gindi, don ita ce ba ta raguwa.”

“Baba, gizago dabam, ordinata dabam. Kai nawa ne diflom ɗinka?”

“Ba ni da ko ɗaya. Amma matata tana da taɓarya.”

Dariyar da aka yi ta sa Imani ta ja mayafi ta rufe fuska. Gayus ya yi kamar bai ji ba, ya danna.

Ɗaukewar wuta ta biyu, to, a nan sai in roƙi gafara. Kayan mawaƙa goma sha huɗu ne a hannuna, gobe za a sa su, babu wanda aka goge. Na lallaɓa shagona na ce bari in sa dutsen guga minti biyar, ba wanda zai sani. Ina sa shi na ji ƙas, unguwa ta yi tsit. Na zare shi na tura ƙarƙashin tarin yadi, na fito ina tsaki tare da kowa, ina cewa wannan kuran ba shi da tsoron Allah. Yau ne karo na farko da na faɗi wannan, kuma in Inna Hulda ta ji, ban san ku ba.

Gayus ya ɗaga makunnin mita, ya sake ɗora takarda a sabon wurin da aka fere, ya sake gyaransa. Yanzu kan gungumen ya koma kaurin cinya, tsakiya ta fi shi, gindi kuwa yana nan yadda Allah ya yi shi. Wani dattijo ya ce shi fa kamar yana ganin iccen yana ramewa. Gayus ya ce siffa ce ke fitowa, mumbarin zamani ba ya da tumbi. Fasto ya shafa nasa.

Zagaye na uku ya yi nisa, inji yana nishi saboda abin da ake tura masa ya fi bakinsa, sai muka ji ƙara kamar an harba bindiga. Haƙori ya karye. Guntunsa ya wuce ta gefen kunnen Fasto, ya sami gilashin diflom, diflom ya faɗo ƙasa. Da aka tsayar da inji aka duba, ashe ƙusa ce a cikin iccen, doguwa, baƙa, nama ya rufe ta shekara da shekaru. Inna Hulda ta ce a ba ta. Ta riƙe ta a tafin hannu, ta ce a nan Malam yake rataye jakar littafinsa in zai yi wa'azi.

Ni kuwa idona ya sauka a kan takardar da diflom ya bari a fili. Laifin dutsen guga yana cina, na ce bari in yi wani abin kirki, na karanta da ƙarfi yadda kowa zai ji: sifirin icce mai juyawa a tsakiyar juyi yake, daidai tsinin ƙarfe, kada a ɗauke shi daga sama. Jama'a suka juya suka dubi Almustafa, sannan suka dubi Gayus. Gayus ya ce wannan takarda ta ƴan koyo ce.

Almustafa ya zagaya gungumen, ya auna gindin da taƙi. Ya ce in aka tsaya nan, zai iya fitar da gajeren mumbari daga rabin da ya rage, a ɗora shi a kan dakali, ko da ba gobe ba. Inna Hulda ta ce a tsaya. Gayus ya durƙusa gabanta, ya ce Inna, yanzu abin kamar ludayi yake, kai siriri gindi ƙato, zagaye ɗaya tak zai daidaita shi, ya rantse har da kabarin ubansa wanda ke zaune da rai a Falanko. Fasto ya tuna baƙin da ya gayyato daga Damagaram, da takardar biki da ya riga ya buga mai cewa za a keɓe sabon mumbari. Ya ce a yi addu'a a ba da dama ta ƙarshe. Inna Hulda ta dube shi, ta dubi dattawa, ba wanda ya haɗa ido da ita. Ta tashi da ƙusarta ta koma inuwar shagona ta juya wa injin baya. Gayus ya sanar da jama'a cewa Inna ta amince.

Ya ɗaura sabon haƙori, ya kai shi can wurin da ya fi ko'ina sirancewa, ya ɗora takarda. Na ga yatsansa ya tsaya a kan maɓalli, na ce yau kam zai haƙura. Ya danna uku.

Wannan karon kuran bai ɗauke ba. Da ma haka yake, in ana neman ya ɗauke ba ya ɗaukewa. Inji ya bi gungumen tun daga kai har gindi, awa biyu da rabi, yana kuka yana ci, gari ya taru har ya binne ƙafar teburi. Tun ana waƙa aka koma kallo, tun ana kallo aka koma satar kallon bayan Inna Hulda. Da ya gama ya ɗaga haƙorinsa ya koma gefe ya yi shiru, kamar wanda ke jiran yabo.

Abin da mutum huɗu suka ɗauko da hantsi, Gayus ya kwance shi da hannu ɗaya. Sanda ce, kaurin ƙotar fartanya, da wasu ƴan ƙuraje a jiki waɗanda da zangarniya ne. Ya ɗaga ta sama ya ce a manyan majami'un Yamai irin wannan ake yayi, kuma aduwa ko siririya ce ta fi ƙarfe. Don ya tabbatar, ya kafa ta a ƙasa, ya ɗora allon da aka tanada, ya karɓi babban Littafi daga hannun Fasto ya aza. Ya saki. Allo ya yi gabas, sanda ta yi yamma, Fasto ya yi tsalle irin wanda ban san yana da shi ba ya cafe Littafin a ƙirji, ya zauna daɓas a cikin garin icce. Makiyaya suka riƙe ciki, matan zumunta suka faɗa jikin juna, wani dattijo ya yi dariya har haƙorinsa na roba ya fito.

Inna Hulda ta taso. Ta kwance mayafinta ta shimfiɗa a ƙasa, ta durƙusa da kyar, ta fara tara garin aduwar da hannu biyu tana zubawa a ciki. Dariya ta mutu. Ni kam kunya ta kama ni har na rasa inda zan sa idona. Almustafa ya tsuguna ya taya ta, Imani ta kawo buhu. Da suka gama ta ɗauki sandar ta dogara, ta ga ta yi mata daidai.

“Gayus.”

“Na'am, Inna.”

“Gobe ka yi wanka, ka zo da wuri.”

Ranar Lahadi majami'a ta cika har waje. Baƙi daga Damagaram, daga Ollelewa, daga Gangara, dammunan gero jere a gaba na godiya. Inda aka share don mumbari babu komai sai ƙasa. Ana shirin farawa Inna Hulda ta kamo hannun Gayus, ta kai shi wurin, ta juya shi ya fuskanci Fasto, ta miƙar masa da hannuwa biyu, ta sa aka aza masa babban Littafi. Ta gaya wa ikilisiya cewa an yi alkawarin Littafin zai tsaya a kan wani abu yau, kuma ga abin. Fasto ya buɗe baki zai yi magana, ta dube shi, sai ya buɗe Littafin.

Masu wa'azi uku ne a ranar, kowanne ya zo da tarihin shekara hamsin tun daga farko. Littafin nan ya kai nauyin tiya biyu ta gero. Inna Hulda ta zauna a bencin gaba da sandarta a kan cinya, duk sa'ad da hannun Gayus ya fara sauka sai ta miƙa ta taɓa masa gwiwar hannu, ya koma daidai. Gumi ya jiƙa rigar diflom. Mai wa'azi na biyu, da ya yi zafi, ya manta ya buga mumbari da tafin hannu, mumbari ya ce wayyo. Amma ko da aka tashi, hannuwansa sun sandare a miƙe, na ji shi a ƙofa yana gaya wa baƙin Damagaram cewa duk ƙasar nan babu majami'ar da mumbarinta ke juya shafi da kansa sai tamu.

Dattawa suka so a haɗa wani na katako a huta. Inna Hulda ta ce a'a, na aduwa aka yi alkawari, na aduwa za a yi, kuma tun daga ranar Asabar ɗin nan ba dattijon da ke iya ce mata a'a. Ranar Litinin ta shuka ƙwallon aduwa ɗaya a gaban majami'a, inda tsohuwar take, ta ce ranar da ta isa sassaƙa Gayus ya sauka. Damina ta uku ke nan, ta kai mini gwiwa. Gayus ne ke ba ta ruwa safe da yamma, shi ya kewaye ta da ƙaya, kuma duk akuyar da ta kusance ta, da gudu yake bin ta har bakin kasuwa.